Na cire wa tsoho layarsa a asibitin Kanada, ya daina cin abinci

Maman Sultan:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya kwana biyu yana cin raina, na ce bari in ajiye shi a nan tunda akwai ma'aikatan lafiya da yawa a cikinmu. Waɗanda suka san ni sun san ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a arewacin Ontario, a Kanada. Yawancin marasa lafiyarmu 'yan asalin ƙasar ne, mutanen da Turawa suka zo suka tarar, kuma da jirgin sama ake kawo da yawansu don ƙauyukansu ba hanyar mota.

An kawo mana wani dattijo da ciwon huhu. Za a kai shi hoton ƙirji, sai na ga wani ɗan ƙunshin fata rataye a wuyansa, kamar dai layar da kakanninmu ke ɗaurawa. Ina sauri, na sa hannu na cire, na jefa a durowar gefen gado. Ban tambaye shi ba. Bai ce uffan ba. Daga ranar ya juya fuska bango, abinci sai ya koma yadda aka kawo shi, in na miƙa magani ya gyaɗa kai amma ba ya sha. Da hannuna na rubuta a fayil ɗinsa cewa ba ya ba da haɗin kai.

Kwana biyu ana haka, sai tafintarmu, wata mata 'yar ƙabilarsu, ta ja ni gefe. Ta ce yana ɗan shekara bakwai aka raba shi da iyayensa aka kai shi makarantar kwana, ranar farko aka aske masa kai, aka ƙwace duk abin da ya zo da shi daga gida. Ta ce, ke kina ganin ƙunshi kika cire, shi kuwa ranar nan kika maimaita masa.

Wallahi na rasa inda zan sa kaina. Ni da na taso a ɗakin kakata, na san abin da zai faru in wata nas ta fizge mata laya. Kuma ni ce na zauna a kwas ɗin da suke tilasta mana kan al'adun mutanen nan ina duba waya, ina cewa ɓata lokaci ne. To tambayata ita ce, wannan abu ana koyar da shi kuwa? Ko dai sai mutum ya yi ɓarna irin tawa?

Ɗan Auta:
Wa alaikumus salam Anti. Ni da na ga "'yan asalin ƙasa" na ɗauka rigimar takardar indijin ce ta biyo ku har Kanada.

Maman Sultan:
Kai dai ba ka rabo da shashanci. Ba wannan ba. Su kashi uku ne a can: ƙabilun farko, da Inuit na can ƙuryar arewa inda ƙanƙara take, da Metis, waɗanda asalinsu ya haɗa 'yan ƙasar da Turawa. An kai yaransu wajen 150,000 makarantun kwana da gwamnati da coci-coci suka gudanar, don a raba su da harshensu da addininsu. Ta ƙarshe sai a shekarun 1990 aka rufe ta. Wato waɗanda aka yi wa abin suna nan da ransu, su ne ke kwance a gadajenmu.

Dakta na Gwale:
Maman Sultan, Allah ya ba da lada, amma ki bar ni in yi gardama. Kuskurenki ba na al'ada ba ne, na ladabi ne. Ko Bature ne, ko Bayarabe, ko ɗan China, ba a taɓa kayan jikin mutum sai da izininsa. Wannan tun ajin farko ake koya mana. Abin da nake tsoro da wannan sabon yayi shi ne a mai da asibiti gidan tarihi. Ƙwayar cuta ba ta san ƙabila ba. Maganin huhu ɗaya ne a Kano da Toronto. A ba ni isassun ma'aikata, da wuta, da magani a kantin asibiti, in ga ko mutane ba za su warke ba ko da ban san sunan kakansu ba. Ni ina ganin mutum tamanin kafin azahar. Yaushe zan tsaya tambayar kowa tarihin zuriyarsa?

'Yar Katsina a Alice Springs:
Dakta, da girmanka, maganin ɗaya ne in an ba shi. Matsalar ita ce wa ake ba, kuma yaushe. Maman Sultan, ba shi labarin Brian Sinclair.

Maman Sultan:
Brian Sinclair ɗan asalin ƙasa ne, shekararsa 45, an yanke masa ƙafafu biyu yana kan keken guragu. A watan Satumba na 2008 wani ƙaramin asibiti ya tura shi babban asibitin Winnipeg da takarda a hannu, robar fitsarinsa ta toshe. Abin da za a gyara cikin ɗan lokaci, a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ya tafi gida. Ya zauna a ɗakin jira na sashen gaggawa awa 34, ba wanda ya duba shi. Da aka zo kansa ya riga ya sandare. A wajen bincike ma'aikata suka ce sun zaci maye ne ya kwantar da shi, ko kuwa marar gida ne ya shigo fakewa. Dakta, a ranar akwai wuta, akwai magani, akwai likitoci. An duba mutane da yawa da suka zo bayansa.

Sai Joyce Echaquan, 'yar ƙabilar Atikamekw daga Manawan, shekara 37, 'ya'ya bakwai. Ranar 28 ga Satumba 2020 tana kwance a asibitin Joliette a lardin Kwibek, ta kunna wayarta kai tsaye a Facebook tana kururuwar ciwo, ana jin ma'aikata suna zaginta, suna ce mata daƙiƙiya, suna mata gorin su ke biyan kuɗin jinyarta. Ba a jima ba ta cika. Sun ɗauka ƙwaya ce ta sake ta, ashe ruwa ne ya taru a huhunta. Jami'ar da ta binciki mutuwar, Géhane Kamel, ta fitar da rahoto a 2021 ta ce wariyar launin fata na cikin abin da ya jawo ajalinta. Mutanenta suka rubuta ƙa'idoji da sunanta suka kai wa gwamnati, gwamnatin Kwibek ta ƙi karɓa don ba ta yarda a ce wariyar a cikin tsarin take ba.

Dakta na Gwale:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wannan zalunci ne tsagwaronsa. Amma kin ga kin dawo kan maganata. Wannan wariya ce da sakaci, a kori mai laifi, a kai shi kotu. Ina ruwan kwas ɗin koyon al'ada da shi? Wanda ya zagi mai gargarar mutuwa ba rashin sanin al'adarta ne ya sa shi ba, baƙin hali ne.

Ɗalibi a Okland:
Ranka ya daɗe Dakta, a nan kam ka taɓo wurin da Maori, 'yan asalin ƙasar Niyu Zilan, suka riga suka taɓo. Wata nas Bamaoriya, Irihapeti Ramsden, ita ta kawo tunanin da ake amfani da shi yanzu, kuma abin da ta fara ƙi shi ne ainihin irin kwas ɗin da kake zargi, a ba ka jerin "Maori suna yin kaza, ba sa son kaza" ka haddace. Ta ce wannan sabon akwati ne kawai za ka cusa mutum a ciki. Abin da ta nema shi ne ma'aikaci ya fara duba kansa: wace al'ada na shigo da ita ɗakin nan, wane iko ke hannuna, me na riga na yanke game da mutumin nan tun kafin ya buɗe baki. An saba koya wa nas ta yi jinya ba tare da la'akari da ko kai waye ba. Ita ta ce a'a, a yi jinya da la'akari da ko kai waye. Kuma wanda zai ce an kyautata ko ba a kyautata ba, marar lafiyan ne, ba ma'aikaci ba. Tun 1992 aka sa wannan cikin jarrabawar zama nas a ƙasar, kuma an sha rigima a jaridu a kai, ba lafiya lau aka karɓa ba.

To ka duba Brian Sinclair da wannan ido. Ba wanda ya zage shi. Kowa ya kalle shi ya ga "irin mutanen nan", ya wuce. Wa za ka kai kotu?

Ustaz na Tudun Wada:
Ku gafarce ni, ni wani ɓangare ne ya dame ni. Maman Sultan, kina Musulma. Wannan ƙunshi da kika ce, da hayaƙin da na ji ana cewa suna yi a asibitoci, ba bautar wanin Allah ba ne? In aka ce ki taimaka wajen yi, ina matsayinki? Kada garin neman yardar mutane a rasa ta Ubangiji.

Maman Sultan:
Allah ya gafarta Malam, tambaya ce mai kyau, ni ma na yi ta. Hayaƙin na wasu ganyaye ne masu ƙamshi da suke ƙonawa a ɗan kasko suna addu'a irin tasu. Ba a taɓa cewa in yi ba. Aikina in tura gadon zuwa ɗakin da aka keɓe, in tabbatar an rufe iskar oksijin don kar wuta ta kama, in fito in ja ƙofa. Kamar yadda abokiyar aikina, wadda ba ta da addini ma sam, take riƙe mini marasa lafiya minti goma in je in yi la'asar. Ba ta musulunta ba don ta yi haka.

Ustaz na Tudun Wada:
To in dai iyakarsa ke nan, ban da ta cewa. Mu ma nan in an hana mu shiga da ruwan addu'a ko a hana karanta wa mai jinya Yasin, ai garin ba zai zaunu ba. Amma laya kam ina nan kan bakana, ko ta kakarki ce.

Ɗan Auta:
Malam ya saki hannu ɗaya ya riƙe ɗaya.

'Yar Katsina a Alice Springs:
Bari in ba ku na Ostireliya, don nan ne na gane cewa kwas ba ya wadatarwa. Da na zo an koya mana abubuwa game da 'yan asalin ƙasar: akwai sha'anin maza da sha'anin mata da ba a haɗawa, ba a ambaton sunan wanda ya rasu na wani lokaci, rashin kallon ido ladabi ne ba ƙarya ba, in an yi rasuwa mutum zai bar gadon asibiti ya tafi zaman makoki ko da ƙarin ruwa ake masa. Na ce yo wannan ai Katsina ce. Duk da haka abin da ya fi canza al'amura ba wannan ba ne.

Ciwon ƙoda ya yi wa mutanen hamada yawa. Da, duk wanda ya kai ga wankin ƙoda sai ya taso ya dawo Alice Springs da zama, sau uku a mako yana kan inji, har ya mutu. Daga ƙauyen Kintore zuwa nan ya fi kilomita 500. Dattawan da ke riƙe da waƙoƙi da tarihin ƙasa suka ƙare a gari suna zaman baƙunci, wasu suka zaɓi su koma gida su mutu. Mutanen Pintupi, ƙabilar da ke Kintore, ba su jira gwamnati ba. Suna da masu zane da duniya ta sani, suka yi manyan zane-zane, aka yi gwanjonsu a Sidni a 2000, aka tara sama da dalar Ostireliya miliyan ɗaya. Da kuɗin suka kafa ƙungiyarsu, wadda ake kira Purple House, a 2004 aka fara wankin ƙoda a Kintore. Yanzu har babbar mota gare su mai injin a ciki tana zagaya ƙauyuka. Injin dai shi ne na ko'ina, Dakta. Abin da ya bambanta, masu ciwon ne ke zaune a kujerar shugabanci, su ke ɗaukar nas aiki.

Kuma ba su ne farko ba. Tun 1971 'yan asalin ƙasar suka buɗe asibitinsu na farko a unguwar Redfern a Sidni, saboda yadda ake wulaƙanta su a na gwamnati. Yau irinsa sun haura 140. Ban ce komai ya gyaru ba, har yanzu tazarar tsawon rai tsakaninsu da sauran jama'a tana wajen shekara takwas.

Ɗalibi a Okland:
Haka Alaska ma. A 1998 'yan asalin yankin Anchorage suka karɓi ragamar kula da lafiyarsu daga hukumar gwamnatin Amurka, ƙarƙashin Southcentral Foundation. Ko kalmar "marar lafiya" sun ajiye, suna kiran mutum mai asibitin ne da ya zo a yi masa hidima. Amma abin da gwamnati ta ba ka tana iya karɓewa. A nan Niyu Zilan an kafa hukumar lafiya ta Maori a 2022, aka canza gwamnati, aka rushe ta a 2024.

Hajiya Ungozoma:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. 'Ya'yana, shekara talatin da ɗoriya na yi a ɗakin haihuwa a ƙasar Zazzau kafin in yi ritaya, kuma zan faɗi abin da ba za ku so ba. Ba kowace al'ada ce abar lallashi ba. Na ga yarinya 'yar sha biyar da aka yi wa yankan gishiri, ta zo fitsari na bin ƙafarta. Na ga jarirai da wanzami ya cire wa beli jini ya ƙi tsayawa. Wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma har arba'in, da kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa kwano-kwano, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta su da ciwon zuciyar da ke kama masu jego, mace ta kumbura ta kasa numfashi. In "mutunta al'ada" na nufin in yi shiru a kan waɗannan, ni ba na ciki.

Dakta na Gwale:
Yauwa Hajiya! Allah ya ƙara girma. Abin da nake ta faɗa ke nan.

Hajiya Ungozoma:
Tsaya Dakta, kar ka yi saurin tafi, ban gama ba. Ka san me ya sa suke kai yaran wurin wanzami su ƙi zuwa wurinmu? Mu ne. Mace ta saba haihuwa a durƙushe, har ma "tana kan gwiwa" muke cewa, mu kuma mu ce sai ta hau gado ta kwanta rigingine ta buɗe ƙafa gaban ɗalibai maza. 'Yar fari da kunya ta hana ta ko nishi, mu daka mata tsawa mu ce ba ta da wayo. Uwarta ta tsaya a waje. Ta nemi mabiyiya a ba ta ta kai gida a wanke a binne, mu yi mata kallon 'yar ƙauye. Kalaman da na ji abokan aikina suna faɗa wa mai naƙuda, ba zan iya rubuta su a zauren da Malam yake ba. Ni ma ban fita ba, na yi tsawa iyakar rabona. Matar da ka yi wa haka, ranar da ka ce mata ta rage kanwa, don me za ta ji maganarka?

Sai da na kusa barin aiki na koyi dabara. Na daina cewa a bar wankan jego. Sai in kira kakar, ita ce mai iko ba mai jegon ba, in ce Iya a yi wanka amma a surka ruwan, kunu a yi shi amma kanwar ɗan kaɗan don jininta ya hau. Sau da yawa sai ta yarda, don ban ce mata jahila ba.

Ɗalibi a Okland:
Hajiya, maganar mabiyiya ta sa tsigar jikina ta tashi. A harshen Maori kalma ɗaya ce ke nufin ƙasa da mabiyiya, whenua. Suna binne ta a ƙasar kakanni, kuma asibitocin nan sun saba tambayar mai jego ko tana son a ba ta abarta. Mu ma ai garin da aka binne cibiyarka muke cewa.

Maman Sultan:
Kuma batun haihuwa shi ne babban ciwo a arewacin Kanada. An daɗe ana ɗauke mai ciki daga ƙauyensu in ya rage 'yan makonni, a sa ta jirgi ita kaɗai zuwa birni, ta zauna a masauki cikin baƙi har ta haihu. Ku kwatanta da namu goyon ciki, inda ake mai da yarinya gaban uwarta. Matan Inuit na Puvirnituq suka ce sun gaji, a 1986 aka buɗe ɗakin haihuwa a garin, ana horar da ungozomomi 'yan garin da harshensu. Mai haɗari ana tura ta birni har yanzu, amma yawanci a gida suke sauka. Kuma ku tuna waɗannan mutane ne da a shekarun 1950 jirgin ruwa ke zuwa ya kwashi masu tarin fuka zuwa kudu, wasu ba a sake jin ɗuriyarsu ba, iyalai ba su san ko kabarinsu ba. Sai a 2019 Firaminista Trudeau ya je Iqaluit ya nemi gafara. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Bappa na Garwa:
Salamu alaikum. Tun ɗazu kuna ta Kanada da Ostireliya, ga mu nan a bayan gidanku. Laifi tudu ne. Mbororo a Kamaru da Chadi su ma a taron duniya cikin 'yan asalin ƙasa ake lissafa su. Bafulatanar daji ta shigo asibitin gari, ba ta jin Hausa sosai balle Faransanci ko Turanci. Pulaaku, wato kunya da dauriya irin ta Fulani, ya hana ta cewa wayyo, ya hana ta faɗin inda ke mata ciwo gaban surukinta da ya rako ta. Likita ya ga ba ta kuka, ya ce ba ta jin jiki, ta koma layi. A wajen yankar kati an riga an yi mata dariya. In an rubuta magani a ce ta dawo bayan sati biyu, alhali bayan sati biyu shanu sun kai wata ƙasa. Sannan a rubuta, kamar yadda 'yar uwa ta rubuta, ba su ba da haɗin kai.

A Chadi an gwada wani abu tun wajajen 2000. An lura makiyayi ba ya wasa da rigakafin shanunsa, amma yaransa ba su taɓa ganin allura ba. Sai aka haɗa likitan dabbobi da ma'aikacin lafiya a mota ɗaya, su je mashaya rana ɗaya, a yi wa garke a yi wa yara da mata. Mutane suka fito. Ba wanda ya koyi Fulfulde a aji, an dai tambayi mutanen inda za a same su da abin da ya dame su.

Ɗan Auta:
Bappa, wato sai an bi ta kan saniya ake samun Bafulatani.

Bappa na Garwa:
Kai kuma ta kan tuwo. Ka kiyaye ni, Kaɗo.

Shugaban Zaure:
A yi wasa da hankali, kar a kauce daga magana.

Dakta na Gwale:
To, na ji jiki. Bari in faɗi gaskiya, Bappa ya tuna mini abin da ni ɗan Kano bai kamata a tuna mini ba. A 1996 lokacin annobar sanƙarau, Pfizer ta gwada maganin Trovan a kan yara a asibitin zana, yara wajen 200 ne cikin gwajin, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin gwaji ake ba. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Da aka zo 2003 aka ce allurar shan inna akwai maganin hana haihuwa a ciki, mu likitoci muka yi ta ihu cewa ƙarya ce, kuma ƙaryar ce. Amma wa zai saurare mu? An dakatar da rigakafi a Kano har Yulin 2004, cutar ta tsallaka ƙasashe har Yemen da Indunusiya. Abin da ya dawo da mutane ba takardun bincike ba ne. Sarakuna ne, da kwamitin sarakuna da Sarkin Musulmi ya kafa a 2009, da masu unguwanni, da malamai, da matan unguwa masu shiga gida-gida, da su kansu waɗanda cutar ta gurgunta suna yawo a kekunansu suna cewa ku dube mu. A 2020 aka ce Najeriya ta rabu da ita.

Na yarda da wannan. Abin da ban yarda da shi ba har yanzu shi ne a ce laifin duk na ma'aikaci ne. Nas ɗaya a kan gado arba'in, albashi bai zo ba, ta kwana tsaye. Ku turo ta kwas goma, gobe za ta yi tsawa. Kanada na da kuɗin ɗaukar tafinta da gina ɗakin hayaƙi. Ni ko labule tsakanin gado da gado ba ni da shi.

Hajiya Ungozoma:
Gaskiyarka kan gajiya. Amma tabarma nawa take, Dakta? A shimfiɗa leda mai tsabta a ƙasa mace ta durƙusa, a bar uwarta ta riƙe mata kafaɗa, a sa mabiyiya a leda a miƙa mata. Wanne ne a ciki sai an jira kasafin kuɗi?

'Yar Katsina a Alice Springs:
Kuma kuɗin ma ba ya sayen abin. Kanada da kuɗinta hukumar gaskiya da sulhu ta ba ta shawarwari 94 tun 2015, bakwai a kan lafiya, ciki har da a ƙara likitoci da nas 'yan asalin ƙasa, a kuma ba masu maganin gargajiyarsu wuri. Bayan shekara biyar da wannan aka yi wa Joyce abin da aka yi mata.

Ustaz na Tudun Wada:
Maman Sultan, kin bar mu a rataye. Ya aka ƙare da dattijon?

Maman Sultan:
Na ɗauko ƙunshin da hannu biyu, na je tare da tafintar, na durƙusa gefen gadon kamar yadda zan yi wa Baffana, na ce na yi kuskure. Bai kalle ni ba. Ya ɗauki lokaci mai tsawo, har na fara tunanin tashi, tafintar ta yi mini alama in zauna. Can ya miƙo wuya na mayar masa. Da yamma jikarsa ta kawo romon kifi daga gida ya sha. Washegari ya tambaye ni, ta bakin tafinta, daga ina nake, kuma su waye suka mallaki ƙasarmu. Na ce Ingila. Ya yi 'yar dariya ya ce ashe maigidanmu ɗaya.

An sallame shi bayan kwana tara. Amma abin da na rubuta a fayil ɗin yana nan, ba a gogewa, sai dai in ƙara bayani a ƙasa, na kuma ƙara. Duk wanda ya buɗe nan gaba, waccan jimlar zai fara gani.

Dakta na Gwale:
Hajiya, batun tabarmar. Gobe zan yi wa shugabar nas-nas ta ɗakin haihuwa magana, amma ban yi alkawari ba, kin san halinsu in likita ya shigo musu hurumi. In ta kore ni zan ba ta lambarki.

Hajiya Ungozoma:
Ba ta. Wataƙila ma ni na koya mata aiki, kuma in haka ne ni na koya mata tsawar.